Datti Kadi da Daɓen Gindin Tsamiya

Ruwan ƙarshen damina ne ya tsare Lantana a hanyar Likoro, tana dawowa daga kasuwar Kudan da ƙullin gishiri da kanwa a ka. Babu bukka, babu itacen fakewa, sai karan dawa hagu da dama. Tana cikin tunanin gishirin nan yanzu zai narke ya bi mata wuya, sai ta ji an ce daga baya, "Uwargida, riƙe nan." Wani siririn mutum ne mai hula irin ta Turawa, ya miƙo mata laimar da ba ta taɓa ganin irinta ba, faɗinta ya kusa jinkar ƙaramin rumbu, ja da fari da shuɗi. Bai tsaya jin godiya ba, ya wuce gaba cikin ruwan yana magana, da ita yake ko da kansa, Allah masani. Ya kushe hanyar, ya kushe wanda ya shata ta, ya ce da shi aka tambaya da ta bayan tudun can aka bi da ita. Har suka shiga gari bai waiwayo ya dube ta ba. A ƙofar gida ya karɓi laimarsa ya tafi, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Da ta ba maigidanta labari, Malam Mika'ilu mahaƙin rijiya, sai ya ce ai Datti ne, ɗan marigayi Jumare, wanda ya tafi Zariya tun yana yaro. Iyakar abin da ya ce ke nan. Malam, Allah ya jiƙansa, mutum ne da magana ke yi wa nauyi.

Sauran labarin a bakin mata ta ji shi. Wai aikin Datti a Zariya shi ne ɗaukar wa Turawa jakar sanduna, suna tafe suna bugun wata 'yar farar ƙwallo da ba ta fi ƙwan zabo ba, har su jefa ta a rami. Sunan wasan golf, mai ɗaukar jakar kuma kadi ake ce masa. Matan Likoro da suka ji kadi sai suka ɗauka kaɗi ne, suka yi ta mamakin namiji da gemunsa ya tafi birni ya zauna da mazari. Sunan nan kuwa ya bi shi har kabari.

Ya dawo gida bayan samun mulkin kai da kaɗan, sa'ad da Turawan da ya sani suka soma tattara kayansu. Bai zo da komai ba sai laimar, da sanda ɗaya mai kan ƙarfe, da 'yan ƙwallaye ƙulle cikin tsohuwar safa. Gonar ubansa dangi sun daɗe da rabawa. Matarsa a can ta rasu, ba ɗa ba jika. In ya zauna a dandali ana hirar taki da auduga ba shi da ta cewa, shi kuwa bakinsa bai san shiru ba, sai ya jawo zancen filin wasan Zariya. Rami kaza an ajiye shi inda bai kamata ba, rami kaza ko makaho ya ci shi. Ya yi shekara da shekaru yana bin filin da wasu suka shata, a ƙafa, da kaya a kafaɗa, yana gyara shi a zuci. Mutane su saurara su yi dariya, wani ya ce, "Datti, kai dai kawo mana zare."

Abin da yake so a duniya guda ne, kowa ya sani don ya faɗa har an gaji. A ba shi fili ya shata da kansa, waɗanda suka iya wasan su zo su buga, su ce wannan na Datti ne.

Sai ga shi Allah ya kawo dalili. Akwai wata gonar gwajin iri tsakanin Likoro da Kudan, aka kawo mata sabon manaja, Malam Ashafa, matashi ɗan boko wanda ya gaji kujerar Bature, ya kuma ɗan taɓa wasan a inda ya yi karatu. Manyansa kan zo duba auduga su juya tun kafin la'asar, don babu abin da zai zaunar da su. A bayan gonar akwai saura mai tsakuwa, ba ta noma ba, daga tudun marmara har bakin fadama. Manajan ya ji labarin Datti ya kira shi, ya ce a nan yake so a yi filin wasan. Rami shida filin zai ɗauka. A gama kafin ruwa ya sauka, manya za su zo buɗewa, in abin ya yi kyau Datti ne mai kula da filin.

Manaja ya aika wa dagaci cewa a taimaka masa da mutumin da ya fi kowa iya haƙa rami, guda shida ake so. Dagaci ya ji rami shida, kuma na gwamnati, ya ce ai wannan sai Mika'ilu.

Lantana ce ta taya shi ɗaura kaya a jaki, igiyoyi da dagi da kwandunan kwasar ƙasa. Ya yi nafila yadda ya saba kafin ya soma sabuwar rijiya, ya yi mata sallama. Da hantsi ta bi shi da fura, don gidan mahaƙi babu zancen kulle, inda aiki yake nan abinci ke bi. Ta tarar da su tsaye cikin ciyawa, ba a sauke wa jaki kaya ba. Datti na riƙe da gwangwanin madara wanda aka shanye.

"Sarkin Rijiya, ka ga ramin," in ji Datti, ya ɗaga gwangwanin. "Shi za ka binne, bakinsa daidai da ƙasa. Guda shida."

Malam Mika'ilu ya dubi gwangwani, ya dubi jakinsa da ke nishi ƙarƙashin igiya. Can ya tambaya ko ana sa ran samun ruwa a ciki.

Ran nan Datti ya ruga ofis ya ce a canza masa mutum, lebura yake so mai sauri, ba wanda sai an jira maganarsa kamar watan salla ba. Manaja ya ce wanda dagaci ya aiko ba a mayar da shi. Malam ma ba mai komawa ba ne. Ya ce wa Lantana ya riga ya yi wa aikin bisimilla, kuma bai taɓa barin abin da ya yi wa bisimilla ba, ko da gwangwani ne.

Haka suka kama aiki tare, su da 'yan leburorin gona da manaja ke ba su aro. Datti ba ya shata fili da igiya ko awo. Tsayawa yake a kan tudu ya buga ƙwallo da sandar nan tasa, ya bi ta da gudu, inda ta faɗi ya ce a kafa turke. Gobe in ya kwana da tunani ya zo ya ce ba nan ba, can. Malam kuwa in ya kafa turke ya kafu ke nan, da dutse yake bugunsa har sai ya nutse. Lantana ta sha tarar da Datti ya rungumi turke yana jijjiga, gumi har ido, yana cewa turke ya ce a kafa ba ginshiƙin masallaci ba. Malam ya ce masa mutum ya yi shawara kafin ya nuna wuri. Datti ya ce ai shawarar ke nan yake yi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar rigimar ta taso ne a kan abin da Datti ke kira tarko. A gaban rami na biyu ya sa aka yi wani haƙa mai faɗi, zurfinsa zuwa gwiwa, aka cika gindinsa da yashin rafi, don wanda bugunsa bai kai ba ƙwallonsa ta faɗa ciki ya sha wuyar fitar da ita. Washegari da ya zo sai ya iske an kewaye tarkon da 'yar katangar laka, an shafe ta sumul kamar bakin rijiya. Malam ya yi sammako ya gina. Da aka tambaye shi ya ce ba a barin rami buɗe a hanyar mutane.

Datti ya sa aka rushe. Bai gama hucewa ba kuma sai ga ta sarƙaƙiya. Akwai wata sarƙaƙiya mai duhu a inda filin ya yi kwana, a kanta Datti ya ɗora tsarin bugun rami na uku gaba ɗaya, wai mai tsoro ya zagaya ta, mai zuciya ya tsallaka ta sama. Malam ya sare ta tas, ya tara ya ƙona. Lantana ta zo da abinci ta ga Datti zaune a ƙasa gaban toka, hularsa a gwiwa.

"Sarkin Rijiya, me na yi maka a duniya?"

"Ƙaya ce a hanya," in ji Malam. "Kawar da ita lada ne. Mun ji a karatu."

"Ba hanya ba ce, wasa ne. Ni na bar ta da gangan."

"Ka bar wa baƙi ƙaya da gangan."

Datti ya miƙe ya yi ta bayani, hannu sama hannu ƙasa. Ya ce wasan nan duk daɗinsa a wahalar yake, in babu abin da zai tare mutum ai sai ya ɗauki ƙwallon a hannu ya kai ta ramin ya koma gida. Ya ce mai shata fili aikinsa ke nan, ya zauna ya yi tunanin inda zai sa mutum ya yi shakka. Da ya ga ba ta shiga ba sai ya kawo misali daga sana'ar Malam.

"Kai yanzu, in ka kafa dagi ka sami ruwa a zurfin gaba ɗaya tak, ba gumi ba komai, za ka ji ka yi aiki?"

"Sai in yi hamdala," in ji Malam.

Datti ya dubi Lantana kamar ita za ta raba su. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana dama fura. A zuciyarta ta fi karkata ga maigidanta, don ita ma ba ta ga dalilin da Musulmi zai haƙa wa baƙonsa tarko ba. Amma ta lura da wani abu. Duk sa'ad da Datti ke zancen filin nan, ƙaiƙayin bakinsa na dandali yakan tafi, maganarsa ta zama ta mai sana'a, irin yadda Malam kan yi in yana murza ƙasar rijiya a yatsa.

Sau ɗaya tak bakinsu ya zo ɗaya, a kan daɓe. Datti ya ce a ƙasar Turawa ciyawa ce lallausa ke kewaye da kowane rami, amma a nan rani ba ya barin ciyawa, don haka sai a yi da'ira mai tauri kamar faɗin ɗaki biyu, a baza mata yashi da aka cuɗa da baƙin man mota, a ja buhu a kai ya kwanta. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce ai wannan daɓe ne, kuma aikin mata ne. Lantana kuwa a unguwarsu in za a kai amarya ita ake kira ta ja gaba wajen daɓen ɗaki. Datti ya yi murna har ya ce ashe Sarkin Rijiya na da amfani.

Sai dai lokaci ya ƙure, zafin bazara ya kankama, ga baƙin man da tutocin da za a kafa a ramuka sai an je Zariya. Ranar da zai tafi, Datti ya tsaya bakin hanya yana jiran motar auduga yana yi musu bayanin yadda kowane daɓe zai kasance. Ba shimfiɗe ɗaya ake so ba, kowanne da karkatarsa. Ya yi ta zana iska da hannu, nan ya ɗan tashi, can ya ɗan zube, rabin maganar da Turanci, ga mota ta tsaya direba na ta oda. Ya haye yana ci gaba da bayani har ƙarar inji ta haɗiye shi. Abin da Malam da Lantana suka riƙe shi ne daɓen ya ɗan karkata.

To, duk macen da ta taɓa riƙe madaɓi ta san inda daɓe ke karkata. Wajen rariya yake yi, don ruwa ya sami hanya. A nan kuwa rariyar a tsakiya take, ga gwangwani an binne. Malam ya ce haka ma hankali ya nuna, tunda ramin ake nema a sauƙaƙa wa mai nema. Shi ya daidaita ƙasar da idonsa na mahaƙi, wanda ba ya kuskuren gangara.

Lantana ta yi gayya. Dattawan mata da zawarawa suka fito da madaɓansu, maza suka ja gefe. Aka zuba marmara aka yayyafa ruwa, aka jera gwiwa a ƙasa ana bugu ana waƙa, warin makuba da aka jiƙa daga kwasfar ɗorawa ya cika filin. Sabuwa, wata bazawara mai barkwanci, ta ce ita dai ba ta taɓa daɓe ɗaki shida ba tare da ta ga amarya ko ɗaya ba. Aikin ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ya faɗa. Da'ira shida jajaye suna ƙyalli a rana, kowacce ta ɗan lotsa zuwa tsakiya kamar tasa, lotsawar da ido ba ya gani sai an zuba ruwa.

Datti ya dawo da gangar mai da tutoci a ƙarƙashin hammata. Ya ga daɓen daga nesa ya soma yabo tun bai iso ba. Ya durƙusa ya shafa na farko, ya ce ko a Zariya babu irinsa. Sannan ya ciro ƙwallo daga safa ya ajiye a gefen da'irar don ya gwada. Bai taɓa ta da sanda ba. Ƙwallo ta yi ɗan jim, ta gangara a hankali, ta tafi kai tsaye ta faɗa gwangwani, ƙwal. Ya ɗauko ya koma ɗaya gefen ya ajiye. Ƙwal. Ya tafi na biyu, ya tafi na uku, Lantana da Malam na biye da shi. Har ya gama zagaya shidan bai ce uffan ba, kuma tun da Lantana ta san shi ba ta taɓa jin shirunsa ba sai ran nan. Ta ji ya fi mata faɗansa ciwo.

Da ya sami bakin magana, a hankali ya yi ta. Ya ce sun mayar masa da fili kwalbar da aka sa wa mazurari. Malam ya ce abin da aka ce a yi shi aka yi, in mutum na son aiki ya tsaya ya faɗe shi da Hausa, ba daga saman mota ba. Kowannensu na da gaskiyarsa, shi ya sa ma abin ya ƙi ƙarewa.

Gyara shida ba zai yiwu ba. Makuba ta ƙare sai ɗan guntu a gindin tulu, mata sun koma harkokinsu, daɓe kuma yana son ya sha rana kafin a taka, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. Guda ɗaya za a iya. Datti ya zaɓi na ƙarshe, na gindin tsamiya a hayin fadama. Ya ce wannan ramin tun yana Zariya yake ɗauke da shi a ka. Mai bugu zai tsaya a kan tudu ya tsallakar da ƙwallo bisa fadamar, ta sauka kusa da tsamiya, sannan ya iske daɓen da ba ya yi masa biyayya.

Malam bai taɓa fasa aikin da ya gama da hannunsa ba. Lantana ta zaci zai ƙi. Sai ta ga ya ɗauki dagi ya nufi gindin tsamiya.

"Aikinka ne," ya ce wa Datti. "Amma ban ga alherinsa ba."

Su uku suka yi shi. Malam na zuba marmara, Lantana na bugu, Datti kwance rub da ciki, kunci a ƙasa, ido ɗaya a rufe, yana cewa Uwargida ƙara nan, Uwargida ya isa, koma can. Aka yi wa daɓen doro a tsakiya kamar bayan kunkuru, ramin na gefen doron, bayansa kuma ƙasa ta zube a ɓoye zuwa fadama. Hannun Lantana ya yi ta gardama da ita, don duk abin da ta sani na daɓe akasinsa ake sa ta. Da ya bushe aka baza yashi, Datti ya buga ƙwallo a hankali. Ta nufi rami kamar za ta shiga, sai ta kauce, ta wuce, ta gangara ta bar daɓen. Datti ya yi dariya har da hawaye. Malam ya dube shi, ya dubi Lantana, ya ce mutum ya ɓatar da abu yana murna, shi dai bai taɓa gani ba.

Ranar buɗewa motoci suka zo daga Zariya da Kaduna. Lantana da sauran matan daɓe suka tsaya can bayan shingen gona suna kallo. Datti ya wanke rigarsa, ya tsaya yana nuna hanya, yau ba shi ke ɗaukar jaka ba. Cikin baƙin akwai babban jami'in gona wanda dominsa aka yi komai, da kuma wasu 'yan ƙasa da Bature ɗaya da suka daɗe suna wasan a Zariya, waɗanda Datti ya sha ɗaukar wa kaya. Su yake jira.

A rami na farko ƙwallon babban jami'i ta hau daɓe ta gangara da kanta ta shiga. Aka tafa. Na bayansa ma haka. Zuwa rami na uku tafin ya koma dariya, wani har yana juya baya ya buga. Ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan wasan ya dafa kafaɗar Datti, da murya mai ƙarfi har bayan shinge ana ji, ya ce, "Datti, ashe filin sadaka ka buɗe mana." Lantana ta ga Datti ya yi murmushin da bai kai ido ba, yana nuna tsamiya da hannu, alamar su dai bari a je can.

Aka je. Bisa girma, babban jami'i aka ba ya fara. Bugun farko ƙwallo ta faɗa fadama. Aka ba shi wata, ya tsallakar. Da ya hau daɓe ya taɓa ta yadda ya saba a biyar ɗin baya, yana jiran ƙwal, sai ta kauce ta gangara. Ya bi ta ya dawo da ita, ta haye doron ta zube ta ɗaya gefen. Ya sake. Dariya ta ɗauke, manaja ya fara share wuya da hankici. Lantana ba ta ƙirga ba, amma mutumin ya daɗe yana kai da komo a gindin tsamiyar nan, leburori da mata na kallo. Daga ƙarshe ya miƙa sandar ga na kusa da shi, ya duba agogo, ya ce hadari na tasowa ga hanya da nisa. Ya nufi mota. Babba ba ya tafiya a tsaya wasa, sai kowa ya bi shi. Waɗanda Datti ke jira, masu ido da za su gane abin da aka yi a wurin, ko ɗayansu bai ɗora ƙwallo a daɓen ba. Datti ya bi su har bakin mota yana cewa bugu ɗaya kawai, ranka ya daɗe, ba zai ɗauki lokaci ba. Suka ce wani jiƙon.

Washegari manaja ya kira Datti da Malam. Ya ce baƙi sun ji daɗi ƙwarai, aikin kula da fili na Datti ne. Ramuka biyar ɗin nan sun yi daidai da abin da yake so, wurin da babba zai zo ya huta ya koma da fara'a. Na shidan ne kawai a fasa a mayar da shi kamar sauran, kafin manya su sake zuwa. Ya yaba wa Malam Mika'ilu musamman.

Malam bai ji daɗin yabon ba. Da ya dawo gida ya zauna a zaure bai taɓa tuwo ba. Ya ce wa Lantana har yanzu bai gane wasan nan ba, kuma ba ya jin zai gane, amma ya ga mutumin ya fito daga ofis kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Datti ya riƙe aikin. Shekaru yana jan buhu a kan yashi safe da yamma, yana korar awaki, yana amsa gaisuwar manya da ke yaba masa abin da ba nasa ba. 'Yan wasan Zariya ba su sake zuwa ba, labarin filin sadaka ya riga ya kai musu. Da aka ɗauke Malam Ashafa, wanda ya gaje shi ba ruwansa da wasa, ya sa aka bi filin da garma aka shuka masara inda za ta iya fita. Daga nan Datti ya koma bin Malam wajen rijiya, shi ke riƙe igiya a sama. Daga Paki har Kurmin Kogi an san su, ɗaya a ƙasa shiru yana haƙa, ɗaya a baki ya leƙa kai yana gaya masa cewa ba nan ya kamata a haƙa ba. Ba su taɓa daina saɓani ba, kuma Malam bai taɓa yarda wani ya riƙe masa igiya ba in Datti na nan. Malam ya riga shi tafiya, shi ma bai jima sosai ba ya bi. Allah ya gafarta musu baki ɗaya.

A duk zaman nan abu ɗaya Datti ya taɓa roƙon Lantana, shi ma tun safiyar da aka je fasa daɓen gindin tsamiya ne. Malam ya riga ya farfasa doron da dagi ya koma gefe yana naɗe igiyar jaki, bayansa a juye. Lantana ta durƙusa da madaɓi ta soma yayyafa ruwa. Datti ya zo ya tsuguna ɗan nesa da ita, ya daɗe yana wasa da tsakuwa, ya rage murya yadda ba ta san yana iyawa ba.

"Uwargida, ki yi musu tasarsu yadda suke so, ba zan hana ba. Amma nan gefen hagu, daidai inuwar reshen nan, ki bar mini ɗan tudu ko kamar faɗin faifai ne. Ido ba zai gan shi ba, manaja ma ba zai sani ba. Wata rana wani wanda ya iya zai bugo ta nan."